Ranar da Lasifika ta Kira Wan Zali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira sunan mijina a gaban uwar da ta haife shi, da ƙarfi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, alhali bakina a rufe yake ruf. Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na tashi na leƙa tsakar gida, na tabbatar babu mai kallona, sannan na dawo na zauna.

A Filinge aka haife ni, amma a Yamai na girma, hannun gwaggona. Can na yi lakkwal, wato makarantar boko, can na koyi aikin da nake yi. Da aure ya maido ni Filinge, sai na tarar suna ya riga ni isowa: ’yar Yamai. Ba zagi ba ne, amma ba yabo ba ne kuma. Ma'anarsa a bakin matan unguwa ita ce a zuba ido a gani, ko yarinyar ta san kunya ko birni ya wanke mata ido. Ni kuwa na ɗaura ɗamara na ce sai na ba su mamaki. Ina durƙusawa har ƙasa in gaida uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna. Ba na cin abinci a gabanta, ko gyaɗa ce. Sunan ɗanta kuwa, tun ranar da aka kawo ni gidan bai sake ratsa leɓena ba. In dole ta kama sai in ce "wan Zali", wato yayan Zaliha, ƙanwarsa da ke gidan tare da mu. Akwai wani tela a bakin kasuwa mai irin sunansa, shi ma ya zama "mai keke" a bakina. (Kada ku sa rai zan rubuta sunan a nan. Abin da ya same ni ya ishe ni.)

Ita ma Inna ba ta faɗin sunan, don shi ne ɗanta na fari. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", tana kallon wani gefe kamar maganar maƙwabci take yi. Mace ce marar yawan magana, doguwa, mai ido. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma ba ta taɓa yaba mini ba. Abin da nake nema a duniya a lokacin bai wuce wata rana in ji ta ce wa wata, "Ai ɗiyar ga tana da kunya." Shi ke nan burina, kuma ina jin na kusa samu.

Aikina shi ne zana fuskar manhajojin salula. Kafin a gina manhaja, wani ne ke zama ya tsara inda kowane maɓalli zai zauna, wane launi, wane hoto, in an taɓa nan ina za a faɗa. Ana yin wannan a cikin wata manhajar zane a ordinata, wato kwamfuta, har a haɗa samfurin da ke motsi kamar na gaske, a ba mutane su gwada kafin a kashe ƙarfi wajen ginawa. Inna ta taƙaita wannan bayani duka da kalma ɗaya. In baƙi suka tambaya ina amarya, sai ta ce, "Tana ciki, tana danne-dannenta."

A shekarar ne aka ba ni aikin da ya fi kowanne shiga raina, wata ’yar manhaja ta mata masu kiwon awaki da tumaki. Za ta gaya musu lokacin da masu allurar dabbobi za su zo, ta nuna alamun ciwo da hotuna, kuma ta yi komai da murya, tunda yawancinsu ba su yi boko ba. Ni ke zane daga Filinge, wani abokin aikina Musa yana Yamai shi ke ginawa. Matan da za a fara gwadawa da su kuwa ƙungiyar masu kiwo ce ta unguwarmu, kuma shugabar ƙungiyar ba kowa ba ce sai Inna.

Dole in yi muku bayanin abu ɗaya game da manhajar zanen, don shi ne ya kashe ni. In akwai abin da zai fito a kowane shafi, misali layin gaisuwa da ke sama, ba a zana shi sau da yawa. Ana zana guda ɗaya, ni nakan kira shi uwa, sai a ɗauki kwafinsa a baza a sauran shafuka, su ne ’ya’ya. In ka canja wa uwa launi, duk ’ya’yan sun canja a take. In kuwa ɗa guda ka taɓa, shi kaɗai ya canja. Dabara ce mai daɗi, tana rage wahala ƙwarai, kuma ni har koya wa sababbi nake yi ina ɗaga hanci. Nakan ce musu, "Kafin ku taɓa komai, ku duba uwa ce ko ɗiya." Ku riƙe wannan maganar tawa, za ta dawo ta same ni.

To, a lokacin an tura wan Zali koyarwa can gabas, bayan Damagaram, wani ƙauyen da sai an hau tudu salula ke samun rezo ta iya kira. Sai a yi kwanaki ban ji muryarsa ba. In ya kira kuma, a tsakar gida salula ke samuna, Inna na zaune tana tsinke zogale, sai in ce "lafiya lau, lafiya lau, to, to, a gaida mutanen can," in kashe, kamar mai magana da direban da ya kawo saƙo. Na yi kewarsa ƙwarai, ba ni da wanda zan gaya wa.

Lokacin da na fi so shi ne bayan azahar, cikin bazara, sa'ad da zafi ya kwantar da gari. Kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, awakin Inna sun lafe a inuwar katanga, ko kurciya sai ta yi kuka ɗaya ta huta. Ta tagar ɗakina ana hango tsaunin da ya yi wa dallol, babban kwarin garinmu, iyaka, yana rawa a cikin zafi kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Nakan buɗe ordinata da niyyar aiki, sai ’yar kibiyar nuni ta yi ta yawo a kan allo ita kaɗai, ni kuwa na tafi. In gan shi ya sauko daga motar Yamai da jakarsa, ƙura a gira. In gan mu muna tafiya cikin goribar dallol bayan ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, ba kowa, ba mai cewa amarya ta yi tsaye kusa da miji. Wani lokaci har gida nake gina mana a cikin manhajar, a wani shafi da na ɓoye can ƙasa na sa masa suna "gwaji". Ɗaki biyu, rumfa, bishiyar lemo, da taga mai kallon tsauni. Na sa wa ƙofar shuɗin da ya fi so. Sai in farka in ga awa ta wuce ban zana ko kunnen akuya ba.

Ana nan sai manhajar ta sabunta kanta, abin da muke kira mizajur. Na buɗe da safe na ga wani dogon bayani ya fito, wai ga sababbin abubuwa. Na karanta layin farko, na ga yanzu ana iya liƙa murya a jikin zane, ta yi magana da kanta da an buɗe shafi. Murna ta kama ni, don abin da nake jira ke nan. Sauran bayanin kuwa na danna "daga baya" na rufe. (A cikin wannan sauran ne aka ce an canja ’yar alamar da ke bambanta uwa da ’ya’ya, an mayar da ita ƙarama, launinta ma ya koma wani. Na karanta shi daga baya kamar yadda na yi alkawari, sai dai bayan an gama jana'izata.)

Na ɗauki muryata ina cewa, "Sannunku da aiki, mata masu kiwo," na liƙa a jikin uwar layin gaisuwa. Na buɗe shafuka, kowanne ya gaishe ni. Abin ya yi kyau har na tafa wa kaina.

Da azahar ta yi, gari ya yi tsit, sai shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na gangara shafina na ɓoye, na tsaya ina kallon shuɗiyar ƙofar nan. Na ce a raina, gidan nan fa ba ya magana. Na haura na jawo layin gaisuwa guda na kawo shi saman ƙofar, ina ganin ɗiya na ɗauko. Rubutun da ke jiki ban taɓa shi ba, don ko a ɓoye ba zan iya rubuta sunan ba. Muryar kawai na canja. Na rufe taga, na sa bakina dab da ordinata, na kira sunansa.

Sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na daɗe ban ji sunan a bakina ba, har ya yi mini baƙo, ya yi mini zaƙi. Na sake ɗauka, wannan karon na ja ƙarshensa, yadda nake yi a Yamai kafin aure, sa'ad da yake zuwa zance ƙofar gidan gwaggo. Na ƙara da abin da ke raina:

"Ka tashi lahiya? Na ga hoton da ka aiko, ka rame. Ba ka cin abinci na? Ka komo gida hakanan. Ɗakin ga ya yi min girma."

Na saurara sau ɗaya a hankali, na rufe fuska da gyale ina dariya ni kaɗai. Daga nan na ji motsin Inna a waje, na yi maza na kashe sautin ordinata gaba ɗaya. Haka ya zauna a kashe, don tsoro nake kada wata rana hannuna ya kuskure muryar ta fita tsakar gida. Duk shirin da na yi na ranar gwaji, da ido na yi shi. Na duba launi, na duba hotuna, na bi kowane maɓalli na ga ya kai inda ya kamata. Komai tsaf. Kunne kawai na hana aikinsa.

Ranar gwaji ta zo a farkon damina, hadari na ta haɗuwa ta gabas yana watsewa. An ba mu aron wani aji a lakkwal ɗin unguwa, da la'asar bayan yara sun tashi. Musa ya iso daga Yamai da na'urar haska hoto a bango. Da ya ga yawan matan sai ya ce sautin ordinata ba zai isa ba, ya fita, ya dawo da wata ƙatuwar lasifika da ya aro wurin masu kiɗan biki, irin wadda in an kunna ta a wannan unguwa ake rawa a waccan. Ni da kaina na ce masa ya kyauta.

Mata sun cika ajin. Na unguwarmu, da waɗansu da suka zo takanas daga Damana, da Fulani masu tallar nono da suka ajiye ƙoransu a bakin ƙofa suka shigo kallo. Zali tana can baya da ƙawayenta. Inna kuwa tana gaba, a kan kujerar malami, ta yafa farin mayafinta na zuwa suna. Ban taɓa ganin ta sa shi don wani abu nawa ba. Da na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce wa matar da ke kusa da ita, a hankali amma na ji, "Ita ta yi shi dut, da hannunta." Wallahi a wannan lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na riga na fara mafarki a tsaye: ga manhajar ta bazu har Sanam, ga mata suna nuna ni a kasuwa, ga Inna tana cewa ɗiyar ga akwai ilimi akwai kunya.

Na yi bayani cikin ladabi, ido a ƙasa. Na ce, "Iyayena, wagga aba magana takai. Ba sai kun iya karatu ba. Da kun buɗe za ta gaishe ku." Na juya na ce wa Musa ya ƙara sauti don na baya su ji. Ya ƙara. Na danna.

Shafin farko ya haska a bango, da hoton wani ramammen bunsuru da na zana don nuna alamar ciwo, haƙarƙari a waje, kunne a zube. Sai lasifikar biki ta buɗe baki, da muryata, a narke, ta kira sunan mijina. Ta ja ƙarshensa har sai da kwanon rufin ajin ya amsa.

Na daskare. Hannuna na kan ordinata amma na manta me ake yi da hannu. Muryar kuwa ba ta jira ni ba, ta ci gaba da tambayar bunsurun ko ya tashi lafiya. Ta ce masa ta ga hotonsa, ya rame. Ta tambaye shi ko ba ya cin abinci ne. Wata tsohuwa daga Damana ta dubi bangon ta gyaɗa kai, ta ce, "Gaskiya ta, ya rame." Sannan aka zo wurin ɗaki. Ajin ya yi shirun da har ina jin ƙudan da ke kan ƙoran nono, muryata ta sanar da matan ƙasarmu ta Kurfai gaba ɗaya cewa ɗakina ya yi mini girma.

Mai hankali zai kashe sauti. Ni sai na ce bari in gudu daga shafin. Na danna na gaba, hoton tunkiya ya fito, muryar ta sake kiran sunan daga farko. Na danna na gaba, ranar allura, sunan. Na gaba, yadda ake jiƙa dusa, sunan. Ashe uwar ce na jawo na kai gidan mafarkina ba ɗiya ba, kuma duk ’ya’yanta sun koyi abin da na koya mata. Ina dannawa tana kira, ina dannawa tana kira, kamar mai neman yaro da ya ɓata a kasuwa. Musa ya yi tsalle zai cece ni, ya fizge waya, sai ya zamana ta na'urar haska hoto ya cire. Bango ya yi fari fat, bunsuru ya tafi, tunkiya ta tafi, aka bar muryata ita kaɗai a cikin ajin tana roƙon a komo gida hakanan.

Zali ce ta fara fashewa. Ta faɗi a kan benci tana riƙe ciki, tana cewa, "Wayyo Allah, matar yaya! Ashe kin san sunan!" Daga nan ajin ya rushe. Fulani na dariya suna rufe baki da gefen zane, wata na share hawaye, wata na buga cinyar ta kusa da ita. Tsohuwar Damana ta matso ta dafa kafaɗata ta ce, "Kala suru, ɗiyata," wato in yi haƙuri, amma ita ma kafaɗunta rawa suke.

Ban ga ko ɗaya daga cikinsu sosai ba. Inna nake kallo ta wutsiyar ido. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaure fuska ba. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta kafa ido a farin bangon nan. Da Musa ya samu ya kashe lasifikar, ta miƙe a hankali, ta ce wa mata, "Ku ci gaba, ina zuwa," ta fita. Ba ta dawo ba.

Yadda na ƙarasa taron, Allah kaɗai ya sani. Musa ne ya karɓa, ya nuna sauran ba sauti, yana karanta musu da bakinsa, yana tari duk lokacin da dariya ta taso masa. Da na isa gida na buɗe ordinata na goge muryar, na goge gidan, da lemon, da shuɗiyar ƙofar, na kwanta na ja zane har kai. Na so a ce akwai motar da ke tashi zuwa inda ba a jin Hausa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. In na je rijiya sai wata ta ce, "Amarya, ƙaƙa ɗaki? Ya rage girma?" Zali kuwa in za ta ba bunsurun gidan dusa sai ta tsaya dab da tagata ta ce, "Ci, ci, ka rame." Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin raina shi ne Inna. Ina durƙusawa in gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ba ƙari ba ragi, amma ko inda nake ba ta kallo. Na ce shi ke nan, duk durƙuson da na yi ya tafi a banza, ’yar Yamai ta nuna halinta. Har na fara tunanin in ce wa Musa ya nemi wani ya ƙarasa zanen, in ajiye danne-dannen in huta.

Wata rana bayan azahar, an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, ina zaune gaban ordinata ba na komai, sai na ji sallama a bakin ƙofata. Inna ce. Tun da aka kawo ni ba ta taɓa zuwa ƙofar ɗakina ba, aike take yi. Na zabura na sauka ƙasa. Ba ta shigo ba, ta zauna a kan dokin ƙofa da faifan zogalenta, ta ba ni gefe, ta ci gaba da tsinka.

Ta tsinke reshe guda tas. Can ta ce, "Abin ga naku. In anka yi magana cikinai, shina riƙewa?"

Na ce, "Shina riƙewa, Inna. Amma na goge wancan, wallahi na goge. Ki yi min gahwara."

Hannunta ya tsaya a kan faifai. Ta ce, "Kin goge." Yadda ta faɗe shi ne ya sa na ɗago kai. Ba muryar wadda aka faranta wa ba ce.

Sai na tuna manhajar tana ajiye tarihin aiki, ana iya komawa baya a ɗauko yadda zane yake a kwanakin da suka wuce. Na ce, a tsorace, "Ana iya maido shi."

Ta ce, "Maido. Farkon kaɗai."

Na koma baya, gidan ya dawo, da lemonsa da ƙofarsa. Na rage sauti ƙasa ƙasa, na danna, muryar ta kira sunan, na tsayar da ita kafin ta kai ga zancen rama. Inna ba ta juyo ba. Tana kallon tsakar gida inda ruwa ya kwanta a gindin turmi.

Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ce, "Kin cika jan ƙarshen. Ba hakanan anka raɗa mishi ba." Ta tsinke ganye biyu. "Ni niz zaɓe shi. Ina ɗaki da jego nis sa anka gaya ma ubanai ga sunan da nike so. Ya yarda. Tun ran nan ban taɓa hwaɗinai ba, kuma ba mai hwaɗinai cikin gidan ga. Ran nan cikin lakkwal, da nij ji shi, sai hawaye sunka taso min. Shi ya sa nit tashi."

Ni dai hawaye ne kawai ke zuba, na rasa na kunya ne ko na me. Ta tambaye ni ko da gaske ya rame. Na buɗe hoton da ya aiko na miƙa mata salula da hannu biyu. Ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce wancan tun yana yaro ba ya son tuwon da ba na gida ba. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo ’yar salularta mai maɓallai, ta ajiye a kan tabarma.

"Sa min shi nan. Farkon. Sauran naki na, ba ni son ji."

Na yanke muryar, na tura mata, na nuna mata inda za ta danna. Da na ga fuskarta ta saki, sai rawar kaina ta dawo, na ce, "Inna, in kina so, ke ma kina iya hwaɗi da bakinki in ɗauka. Ba mai ji."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki faifai. A karo na farko tun da na zo gidan ta dube ni ido cikin ido, kuma na rantse gefen bakinta ya motsa.

Ta ce, "Ruhwa min asiri. Marar kunya guda ta isa gida ɗaya."

Manhajar ta fito daga baya, mata suna amfani da ita, kuma sun ƙi yarda a canja muryar gaisuwa da ta wani, wai tawa suka saba da ita. Wan Zali ya ji labarin tun kafin ya sauko daga mota, a bakin wani mai sayar da goro, kuma har yau in na ɓata masa rai sai ya tambaye ni ko ɗaki ya koma yi mini girma.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ina karanta bayanin mizajur har ƙarshe, ko da ya kai tsawon huɗuba. Ba na gwada samfuri da ido kaɗai, sai na buɗe sauti na bi shafi shafi, a ɗaki a kulle. Gidan mafarkina ya tashi daga fayil ɗin aiki ya koma nasa daban, inda ba uwa ba ɗiya. In sababbi suka zo koyo kuwa, har yanzu ina ce musu su duba uwa ce ko ɗiya kafin su taɓa, sai dai yanzu ba na ɗaga hanci.

Yabon da na yi ta nema ban samu ba, ba a taɓa cewa ɗiyar ga tana da kunya ba, kuma na daina jira. Amma wani lokaci bayan azahar, in wan Zali ya koma gabas, gari ya yi tsit, nakan ji muryata can ƙasa ƙasa daga ɗakin Inna, tana jan ƙarshen sunan nan fiye da kima. Sai in yi kamar barci nake.